Tambayi Likita: An ce ɗana yana da tsakuwa a ƙoda, dole sai an yanka shi?

Da zarar bazara ta kankama, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili sukan karkata ga ƙoda da fitsari. A wannan watan na ware guda uku, dukkansu a kan yara. Ta farko ita ta ci mafi yawan fili, domin tambayar da ke cikinta kusan kowane mako sai wata uwa ta yi mini ita ido da ido a ɗakin ganin marasa lafiya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana namiji ne, shekararsa 6. Ya fi wata uku yana kukan ciwon ciki, wani lokaci ya dafe kwiɓinsa na hagu yana murƙususu har sai ya yi amai. Mun ba shi maganin tsutsa, mun ba shi na taifot daga kemis, babu sauƙi. Ranar da na ga fitsarinsa ya yi ja kamar an tsarma zoɓo na ɗauke shi zuwa asibiti. Aka yi masa hoton ciki, aka ce akwai tsakuwa a ƙodarsa ta hagu mai girman milimita 14, kuma ƙodar ta ɗan kumbura. Likitan ya ce sai an yi aiki. Kakarsa ta wajen uba ta rantse babu mai sa wa jikanta wuƙa, saboda ƙanenta da aka yi wa aikin ƙoda shekarun baya har yau yana nan da tabo tun daga baya har gefen ciki. Maigidana ya rasa ta cewa tsakanina da mahaifiyarsa. Wata maƙwabciyata ta ce yanzu da na'ura ake fasa tsakuwa ba tare da yanka ba. Gaskiya ne? Ana yi wa yara ƙanana? Kuma ta yaya yaron da ba ya cin ƙasa ya samu tsakuwa?
— Wata uwa, daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya saka miki da ɗawainiya.

Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya. Surukarki ma ba ta yi ƙarya ba. Tabon da ta gani a jikin ƙanenta na san irinsa, don da hannuna na yi irin wannan aiki lokacin da nake ƙaramin likita. Ana tsaga kwiɓi ne, a ratsa tsokar jiki hawa-hawa, wani lokaci har a cire ɗan guntun haƙarƙari na ƙasa kafin a kai ga ƙodar, a buɗe ta a zaro tsakuwar. Mara lafiya yakan yi mako guda ko fiye a kwance, tari ma tsoronsa yake ji. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan yana da hujjar jin fargaba. Amma a yau, inda akwai kayan aiki da hannun da ya ƙware, da wuya a tsaga yaro saboda tsakuwa kaɗai.

Bari mu fara da tambayarki ta ƙarshe. Tsakuwar ƙoda ba daga cin ƙasa take zuwa ba, ba kuma tsakuwar shinkafa ko ta wake ba ce ta gangara can. Kin san farin nan da ke kwanciya a gindin butar shayi idan an daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki? To haka take samuwa. Fitsari yana ɗauke da gishiri iri-iri a narke. Idan ruwan ya yi kaɗan, ko gishirin ya yi yawa, sai ya fara daskarewa, ƙwaya kan ƙwaya, har ya zama dutse. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara, kuma a jikin yaro mai shekara 6 bai kai kaurin bututun tawadar biro ba. Murƙususun da kike gani yana zuwa ne lokacin da tsakuwar ta zauna a bakin wannan bututu ta tare hanya. Kumburin da aka gani a hoto kuwa fitsari ne ya rasa mafita ya taru a baya yana matse naman ƙodar.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar dawa, yawanci takan fita da kanta idan yaro yana shan ruwa sosai, an ba shi maganin zafi, wani lokaci da wani magani mai suna tamsulosin da ke sassauta bututun. Ta ɗanki milimita 14 ce, kusan girman gurjiya. Wannan ba za ta bi ta bututun biro ba, komai ruwan da aka sha. Don haka likitanku bai yi kuskure ba da ya ce sai an yi aiki. Sai dai kalmar "aiki" a yau tana nufin abu uku da ba su da alaƙa da tabon da Inna ta gani.

Na farko shi ne wanda maƙwabciyarki ta ji labari, fasa tsakuwa daga waje. A takardar asibiti za ki ga an rubuta ESWL. An fara yi wa ɗan'adam shi a birnin Munik na Jamus a shekarar 1980, da na'urar da kamfanin Dornier ya ƙera, kamfanin da asalin sana'arsa ƙera jiragen sama ne. Zuwa 1986 an fara ba da rahoton amfani da shi a kan yara. Ana kwantar da yaro a kan gado, a jingina wani matashi mai ruwa a ciki da kwiɓinsa, a saita tsakuwar da hoto, sannan na'urar ta riƙa aika bugu mai ƙarfi da ke ratsa fata da tsoka ya taru a kan dutsen. Wanda ke tsaye a ɗakin zai ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gefen kwano, sau dubu biyu zuwa uku, a cikin ƙasa da awa guda. Babu yanka, babu ɗinki. Babba yana iya jurewa da maganin zafi, amma yaro ƙarami sai an sa shi barci, saboda in ya motsa saitin ya kauce. Bayan an gama, fitsarinsa zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, fatar wurin tana iya yin ɗan shaida, sannan ɓurɓushin ya riƙa fita a fitsari cikin kwanaki ko makonni. Wani abin rahama shi ne yara sun fi manya fitar da ɓurɓushin nan, domin bututunsu gajere ne kuma yana da taushi, yana buɗewa.

Amma kada in ɓoye miki aibinsa. Ba kowace tsakuwa ke fashewa a zama ɗaya ba, wata sai an koma sau biyu ko uku, kuma kowane komawa sabon barci ne da sabon kuɗi. Akwai masu taurin da bugun ba ya yi musu komai. Idan tana zaune a lungun ƙasa na ƙodar, ko ta fashe ɓurɓushin yakan kwanta a wurin ya ƙi tashi. Wani lokaci kuma ɓurɓushin ya yi jerin gwano a cikin bututu ya toshe shi, abin da Jamusawa suka raɗa wa suna "titin tsakuwa".

Na biyu shi ne shiga ta hanyar da Allah ya riga ya buɗe. Bayan an sa yaro barci, ana zura wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara ta mafitar fitsari, ta shiga mafitsara, ta hau bututun nan har cikin ƙoda. Kaurin bakinta bai wuce milimita 3 ba, kuma tana lanƙwasa yadda likita ya so, ta leƙa kowane lungu. Idan an ga tsakuwar a allon talabijin, sai a tura zaren leza, wato mai fitar da haske mai ƙarfin fasa dutse, ta cikin na'urar, zaren da kaurinsa bai fi gashin kai biyu ko uku a haɗe ba, a riƙa taɓa dutsen da shi har ya zama gari. Guntayen da suka saura a kamo su da ɗan kwando na waya a fito da su. Wani abin da mutane ba su sani ba, karo na farko da aka leƙa cikin wannan bututu da na'ura, a jikin yaro aka yi. A 1912 ne wani likita ɗan Amurka, Hugh Hampton Young, yana duba mafitsarar wani yaro da aka haifa da toshewar hanyar fitsari, sai ya ga na'urarsa ta wuce cikin bututun da ya buɗe saboda kumburi. Sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin a ƙera na'urorin da suka yi sirantar da za su shiga bututun kowane yaro.

A wannan hanya babu ko ɗigon rauni a fata. Inda gizo ke saƙar shi ne bututun wasu yara ya yi ƙunci ƙwarai, na'urar ta ƙi wucewa. Likitan kirki ba ya tilasta ta, don yaga bututu ya fi tsakuwar illa. Sai ya saka wata siririyar roba ya bar ta kamar mako biyu, bututun ya saki, sannan a dawo a yi aikin. Idan haka ta faru da ɗanki, kada ki ɗauka aikin ya lalace. Hankali ne.

Na uku shi ne ta ɗan ƙaramin huji a baya, wanda ake rubutawa PCNL. Wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Fernström da Johansson, su suka fara ciro tsakuwa ta wannan hanya a 1976. Ana soka allura ta fatar baya har cikin ƙoda ana kallon hoto, a faɗaɗa hanyar kaɗan, a saka ɗan bututu, a bi ta cikinsa a farfasa dutsen a tsotso shi. Bututun manya yana kai milimita 8 zuwa 10, wanda ya yi wa ƙodar yaro girma, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 aka fara yin ƙanana domin yara, masu kusan rabin wannan. A 2011 likitocin garin Nadiad a jihar Gujarat ta Indiya suka fito da wanda bai kai milimita 2 ba, allura ce kawai mai ido a cikinta. Wannan hanya ita ce ta manyan duwatsu, waɗanda suka haura santimita 2, da irin waɗanda ke cika cikin ƙoda su yi rassa kamar ƙahon barewa. Ita ta fi sauran share ƙoda tas a zama ɗaya, ita ce kuma ta fi su haɗarin zubar jini da zazzaɓi bayan aiki, don haka yaro yakan kwana biyu ko uku a asibiti.

Ba na mantawa da wata yarinya mai shekara 4 da muka yi wa irin wannan. Mahaifinta makiyayi ne, ya sayar da bijimi ya kawo ta, ya kwana uku a barandar asibiti bai yarda ya shiga ɗakin ba, don yana tsoron abin da zai gani. Ranar da za a sallame ta na kira shi, na ɗaga filastar da ke bayanta. Ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce, "Likita, ina wurin aikin?" Na nuna masa ɗan tabon da bai kai ƙwayar wake ba, da ɗinki guda ɗaya. Sai na miƙa masa ƙaramar kwalba da guntayen dutsen a ciki, masu ruwan ƙasa-ƙasa, sun kusa cika murfin kwalbar lemo. Ya juya ta a tafin hannunsa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya fara salati. Ita kuwa yarinyar tana zaune a gefen gado tana cin ƙosai.

To wacce ta dace da ɗanki? Ban ga yaron ba, ban ga hotonsa ba, don haka likitan da ke riƙe da shi ne zai yanke. Tsakuwa mai milimita 14 tana tsakiya ne, hanya ta farko da ta biyu duk suna iya yi mata, wani lokaci ma ta ukun da ƙaramin bututu. Abin da zai raba gardama shi ne inda take zaune da kuma taurinta, kuma mai yiwuwa a buƙaci hoton siti-sikan, wato na na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, irin mai sauƙin illa ga yara, don a tabbatar. Ni dai a nawa ra'ayin, idan iyali daga nesa suke zuwa, nakan karkata ga hanyar da za ta gama aikin a tafiya ɗaya ko biyu. Fasawa daga waje ta fi sauƙi a jiki, amma na sha ganin waɗanda suka zo zama na farko, kuɗin mota da na masauki ya ƙare, ba su dawo na biyu ba, yaro ya koma gida da rabin dutse.

Akwai gaskiyar da dole in faɗa miki. Ba kowane asibiti ke da waɗannan na'urori ba, kuma wanda ke da na manya ba lalle yana da na yara ba. Ki nemi likitanku ya rubuta muku takardar tura mara lafiya zuwa sashen tiyatar hanyoyin fitsari na asibitin koyarwa. Mafi kusa da ku akwai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano. In kun je, ku yi tambaya ba tare da jin nauyi ba: kuna da kayan aikin yara? Kun saba yi wa masu irin shekarunsa? Zama nawa kuke tsammani, kuma nawa ne jimillar kuɗin har da cire roba? Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Idan kuma aka duba ko'ina hanyoyin nan ba su samu ba, ko aljihu bai kai ba, alhali ƙodar tana ci gaba da kumbura, to wallahi Hajiya aikin tsagawa da aka yi da kyau ya fi zaman jira. Tabo a kwiɓi ba ya hana yaro girma. Ƙodar da ta yi watanni a toshe kuwa sirancewa take yi kamar leda, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon yakan lafa a daidai lokacin da ƙodar ke mutuwa, sai iyaye su ce ai ya warke.

Kafin ranar aiki, ki riƙe alamomi uku. In zazzaɓi mai rawar sanyi ya haɗu da ciwon kwiɓin, ko yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko amai ya hana shi riƙe ko da ruwa, kada ki jira gari ya waye. Fitsarin da ya toshe ya kuma kamu da ƙwayoyin cuta yana iya shiga jini cikin awoyi. A irin wannan hali ba ma taɓa dutsen, muna buɗe wa fitsarin hanya ne da roba, mu ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai yaro ya farfaɗo a dawo kan tsakuwar.

Sai abin da ake yawan mantawa. Babba mai tsakuwa sau da yawa rashin shan ruwa ne da zafin rana. Yaro mai tsakuwa kuwa, sai mun tambayi dalili. Wani an haife shi da ƙuncin bututu a daidai inda ya fito daga ƙoda, fitsari yana kwanciya. Wani ciwon sanyin fitsari ne ke maimaita masa, kuma akwai ƙwayoyin cutar da su kansu suke gina dutse. Wani ƙodarsa ce ke zubar da sinadarin kalsiyam fiye da kima, ko kuma fitsarinsa ba shi da isasshen sinadarin da ke hana daskarewa. Akwai kuma na gado, kamar mai sa tsakuwar sistin, wanda yaro ke samu idan ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba gaba ɗaya, yadda sikila take. Shi ya sa nake tambayar iyaye ko auren zumunci ne, ba don in aibata shi ba, don in san inda zan duba. Maganar ƙanen kakarsa da kika kawo ma ki faɗa wa likita, labari ne mai amfani. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka ya nuna kusan rabin yaran da suka yi tsakuwa sun sake yin wata cikin shekara 3. Saboda haka duk guntun da ya fito, ko a ɗakin tiyata ko a gida, kada a yar, kada kuma a adana shi a ƙasan akwati don nuna wa 'yan dubiya. A kai shi awo. In an fasa daga waje ne, yaro ya riƙa fitsari a fo, ki tace da farin ƙyalle ko tsohuwar rariya, ki tsince abin da ya tsaya. Sanin irin dutsen shi ke nuna maganin da zai hana wani.

A gida kuma, ruwa ne kan gaba. Yaro mai shekarunsa ya sha abin da ya kai ruwan leda uku a wuni, ya fi haka a watannin Maris zuwa Mayu, ki sa masa gora a jakar makaranta da ta Islamiyya. Ma'auninki shi ne launin fitsari: ya zama fari-fari, ba ruwan shayi ba. Ki rage gishiri da dunƙule a miya, da taliyar yara mai garin ɗanɗano, domin gishiri yana janyo kalsiyam zuwa cikin fitsari. Kada ki hana shi nono da madara. Mutane da yawa suna jin "kalsiyam" sai su yanke wa yaro kindirmo, alhali kalsiyam na abinci yana kama wani sinadarin mai sa tsakuwa tun a hanji ya hana shi kaiwa ƙoda, ga kuma ƙashin yaro yana buƙatarsa. Ɗan matsin lemon tsami a ruwan sha yana taimakawa.

Game da Inna, shawarata ita ce maigidanki ya roƙe ta ta raka ku ganin likita. Kada ke ki zama mai kai mata labari. Ta zauna ta ji da kunnenta, a nuna mata na'urar ko hotonta, ta yi tambayoyinta. Na ga kakanni da yawa da suka shigo da rantsuwa suka fita suna sa albarka, domin abin da suke tsoro shi ne a cuci jikansu, kuma da sun gane jiran ne ke cutarsa su ke fara cewa a yi.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Yarona ɗan shekara 9 yana fitsari, a ƙarshensa sai jini ya ɗiga, amma ba ya jin ciwon kwiɓi. Wani mai maganin gargajiya a kasuwarmu ya ce tsakuwa ce, ya ba ni jiƙo a jarka ya ce zai narkar da ita cikin mako biyu. In ci gaba da ba shi?
— Wani magidanci, daga Haɗeja

AMSA: Malam, ka dakatar da jiƙon nan tukuna. Yaro ɗan shekara 9 a yankin fadama da kogi, mai ɗigar jini a ƙarshen fitsari ba tare da ciwon kwiɓi ba, abin da zan fara zargi tsargiya ce, ba tsakuwa ba. Ana kamuwa da ita ta wanka da kamun kifi a ruwan da ke da dodon-koɗi. Gwajin fitsari kaɗai zai nuna ƙwanta, maganinta kuma praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, sau da yawa ma kyauta ake raba shi a makarantu. Idan aka bar ta shekaru, ita ma tana ƙuntata bututun ƙoda ta lalata mafitsara, don haka ba abin wasa ba ce. Ka haɗa da hoton ciki, ba shi da tsada kuma ba shi da illa ga yaro. Babu mai iya gane tsakuwa da ido a bakin kasuwa, ni ma da nake wannan aiki sai na ga hoto.

Maganar narkarwa kuwa, yawancin tsakuwar ƙoda ta kalsiyam ce, kuma babu abin sha da ke narkar da ita, na asibiti ko na gargajiya. Iri ɗaya ce aka san tana narkewa sosai da magani, wadda ake kira ta yurik asid, ita ma sai an tabbatar da ita kuma ana auna fitsari ana daidaita maganin. Abin da ke faruwa shi ne mai ƙaramar tsakuwa ya sha jarka guda ta jiƙo, ruwan ya tura ta waje, sai a ce sassaƙen ne. Ba na raina ilimin iyayenmu na itatuwa, amma haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙoda ce ke tace shi, kuma na karɓi yaran da ƙodarsu ta tsaya bayan irin wannan. Duniya ma ta ga yadda abin da ke shiga cikin yaro ke zama dutse: a 2008 a ƙasar Sin, madarar jarirai da aka gurɓata da sinadarin melamin ta taɓa yara kusan 300,000, shida suka rasu.

Tunda ka tayar da zancen, akwai wata tsakuwar da ta fi kama yara maza a karkara, ta mafitsara. Alamarta daban ce: yaro yana fitsari sai ya yanke kwatsam, ya yi kuka yana jan gabansa, sai ya canja tsugunno ko ya kwanta kafin ya ci gaba. Tana da alaƙa da yaye yaro da wuri a kan kunu da koko zalla, ba nono ba ƙwai ba kifi, ga gudawa ga ƙishirwa. Tsohuwar cuta ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana wani siririn ƙarfe da yake huda dutsen da ya maƙale a mafitar fitsari da shi har ya farfashe, don ya guje wa yanka. Yau ita ma ana fasa ta da leza ta hanyar fitsari, ko ta ɗan huji a mara.

TAMBAYA: Likita ina wuni. An yi wa 'yata aikin leza wata huɗu da suka wuce, alhamdu lillahi ta warke sarai. Sun ce sun bar wata roba a ciki, mu dawo a cire bayan mako huɗu. To hanya da nisa, ga damina ta kama mu, kuma yarinyar ba ta kukan komai. Ko za a iya barin ta?
— Wata uwa, daga Damagaram

AMSA: Lafiya lau, 'yar'uwa. Barka da arziki. Amma a'a, ba za a bar ta ba, kuma ina roƙonki ki shirya tafiyar nan cikin wannan makon. Robar nan siririya ce mai lanƙwasa a kai da gindi, kai ɗaya a ƙoda, ɗaya a mafitsara, an sa ta ne don fitsari ya riƙa wucewa kafin kumburin aiki ya sauka. Ba a ƙera ta don zama ba. Gishirin da ya gina tsakuwar farko yana nan a fitsarin 'yarki, kuma yanzu ya samu abin da zai manne wa. Wata-wata yana kwanciya a jikin robar har ta yi ɓawo, ta ƙi zaruwa, wani lokaci ta tsinke a ciki. Na taɓa karɓar yaron da aka manta da tasa sama da shekara biyu. Dutse ya fito a kai, dutse ya fito a gindi, sai da muka shiga ɗakin tiyata sau uku kafin mu raba shi da abin da cirewarsa a kan lokaci ba ta wuce minti goma ba.

A wata huɗu mai yiwuwa har yanzu za ta fito salin-alin. Za a yi hoto tukuna a ga ko ta fara ɓawo, a gwada fitsari, sannan a sa yarinyar ɗan gajeren barci a zaro ta ta hanyar fitsari, yawanci ku koma gida a ranar. Ki tafi da takardar sallamar da aka ba ku, da sakamakon awon tsakuwar in an yi. In ba a yi ba, ki tambaya ko sun ajiye guntayen, ki kuma nemi a rubuta miki ranar hoton gaba a bayan katinta kafin ku baro asibitin.